Nono da Batun "Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta"

Sanannen abu ne a kasuwannin Tawa da Tabalak da Abalak cewa nonon da ya yi tsami ya fi ɗanyar madara jure zafin rana. A kan wannan ne ake gina maganar cewa ƙananan halittun da ke tsamar da nono suna fitar da "maganin kashe ƙwayoyin cuta". Maganar tana da tushe, amma hujjarta ba ta kai nauyin kalmominta ba.

Tushen shi ne, a shekarar 1928 aka lura cewa wata halitta ta cikin madara tana hana ƴan uwanta yaɗuwa, da wani sinadari da daga baya aka sa wa suna nisin. Ana adana abinci da shi har yau. Sai dai sinadaran narkar da abinci na cikin hanjin mutum suna farfasa shi, don haka ba da shi ake yi wa mai ciwon hanji magani ba.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta faranti: a shuka ƙwayar cuta, a ɗiga ruwan nono, a ga fili ya buɗe kewaye da ɗigon. To, tsami kaɗai yana iya buɗe wannan fili. Kafin a ce wani sinadari ne dabam, wajibi ne a kashe tsamin a sake gwadawa, sannan a ware sinadarin a auna shi. Gwajin da bai bi wannan hanya ba, abin da ya tabbatar bai wuce abin da matan Fulani suka daɗe da sani ba. Shi kuwa cukun Adar, da akan ambata a nan, bushewa ce babban sirrin daɗewarsa.

Ɓangaren harshe ya fi damuwa. Kalmar "magani" a Hausa tana ɗaukar kariya da warkarwa duka biyu, kuma Bahaushe ya saba jin wannan laƙabi a kan penisilin da ire-irensa. Mai fassara da ya ɗora shi a kan nono ya yi wa uwar yaro mai gudawa alkawarin da faranti bai yi ba. Ga shi kuma tarin fuka na shanu yana iya bin madarar da ba a tafasa ba, tsami bai isa lamuni a kansa ba.