Darasi biyu daga laccocin Forster kan ƙaga labari

A 1927 marubucin Ingila E. M. Forster ya gabatar da laccoci a Jami'ar Kambirij, waɗanda aka buga da sunan Aspects of the Novel. Biyu daga batutuwansa sun shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci.

Na farko, ya bambanta jerin aukuwa da zubin labari: jeri na bin lokaci, zubi na bin dalili. A Hausa, kalmar "sai" ce ke ɗauke da jeri. "Manomi ya sayar da gona, sai ya tafi birni" jeri ne kawai. In aka nuna bashi ne ya tilasta masa, an sami zubi. Littafin da aka gina bisa "sai" kaɗai kan gunduri mai karatu.

Na biyu, ya kasa taurari gida biyu: masu hali guda, da masu sauyawa har su ba da mamaki, ya kuma fifita na biyun. A nan muna da ja. Gizo bai taɓa sake hali ba, amma wayonsa ke riƙe da tatsuniya. Forster kansa ya yarda cewa mutanen Dickens galibinsu masu hali guda ne. Ga wanda ya fara haɗa baƙi, tauraron da ya sani tun a dandali ya fi sauƙin bi. Mai sauyin hali a bar shi sai littafi na gaba.