Hausar Makarantar Lahadi: Nazari a Kan Abin da Ekklisiya Ke Ba Yara

Masu nazarin Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfinsu ga waƙoƙin malaman jihadi, da na makaɗan fada, da littattafan da aka buga a Zariya. Wannan kuwa daidai ne. Amma akwai wata makaranta da ba a cika waiwayarta ba, ko da ya ke dubban yara sun fara karatun Hausar boko a cikinta, watau makarantar Lahadi ta ekklisiyoyin Arewa. Nufina a wannan takarda in duba irin Hausar da a ke ba yaran nan, in nuna inda ta yi kyau da inda ta gaza. Zancen aƙida na bar wa masu shi, harshe kaɗai zan auna.

Makarantar Lahadi a Ingila ta samo asali. Robert Raikes ya buɗe tasa a Gloucester wajen 1780 domin 'ya'yan talakawa masu aiki kwana shida. Amma tarihin Hausar ekklisiya da yaro ya fara. Cikin 1855 Barth ya isa Ingila tare da wani matashi Bahaushe, Dorugu, wanda aka 'yanto daga bauta. Daga bakin yaron nan Schön, Bajamushe ma'aikacin C.M.S., ya rubuta labarun da daga baya suka shiga Magana Hausa (1885), kuma a zamanin zamansu tare ne ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, cikin 1857. Bayan haka Likita Mila ya iso Kano cikin 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, Sarki Alu ya mai da su. Mila ya zauna birnin Zariya daga 1905, ya tara yara ya yi makaranta, wadda aka mayar Wusasa wajen 1929. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Daga Wusasan nan Malam John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Dokta East. Ashe ke nan adabin boko yana da bashin makarantar mishan a kansa, ko mun faɗa ko mun yi shiru.

To, abin da a ke ba yaro ranar Lahadi iri uku ne: aya, da waƙa, da labari.

Ayar haddacewa ita ce ginshiƙi. A nan masu fassara sun yi dace da kalmomi da yawa. Ceto, da tuba, da gafara, da alheri, duk kalmomi ne da yaro ke ji a gida da kasuwa. Fansa kuwa ta fi su duka ƙarfi, gama ƙasar Hausa ta san fansar bawa da ta kamamme, ba sai an yi dogon bayani ba. Haka nan makiyayi da tumakinsa, duk yaron ƙauye ya gan su da idonsa. Inda wuya ta ke shi ne kalmomin da aka ƙera ko aka aro domin littafi kaɗai, irin su baratarwa da Fentikos. Yaro ɗan shekara bakwai zai haddace su sarai, ya maimaita a gaban jama'a a tafa masa, alhali watakila yana tsammanin baratarwa wani zancen bara ne. Fassarar 1979 ta sassauta jimla ƙwarai, ta kuma sa Yesu Almasihu inda ta 1932 ta sa Yesu Kristi, amma tsofaffin malamai da yawa da tsohuwar fassara suka tashi, ita ce a bakinsu. Sai ka tarar yaro yana karanta wata Hausa a littafi, yana jin wata daga bakin malaminsa.

Waƙa ce ta fi bukatar magana. Yawancin abin da ke cikin Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, ana kuwa rera ta da muryar da ta zo da ita daga ƙasarta. Mai fassara sai ya ƙirga gaɓoɓi, in layin Turanci takwas gare shi ya nemo takwas na Hausa, ya ce aiki ya ƙare. Ga shi kuwa waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan nauyin gaɓa ta ke tafiya. Akwai gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma mawaƙin Hausa yakan yi wasa da karin sauti wani lokaci, amma da wuya ya ja gajeren wasali ko ya datse dogo. Muryar Turai ba ta san da wannan ba. In ta ja gaɓar farko ta gari, wurin zaman mutane, sai ya koma garin tuwo. In ta ɗaga inda ya kamata ta sauke, wuyar duniya ta koma wuyan mutum. Babba yana gane nufi domin littafi na hannunsa, amma yaron da bai iya karatu ba da kunne kaɗai ya ke karɓa, abin da kunnen ya ba shi kuwa shi zai riƙe.

Ba na cewa a yar da littafin. Mutane sun yi biki da shi, sun binne iyayensu da shi, ya riga ya shiga jininsu. Amma a gwada shi da waƙoƙin Zumuntar Mata, da na ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa da suka bazu tun shekarun 1960. Waɗannan da Hausa aka haife su. Akwai mai ba da waƙa, akwai 'yan amshi, akwai tulu da ganga da kacau-kacau, kalma da kiɗa suna tafiya tare. Shi ya sa yaro kan kama su a ji ɗaya, ya tafi da su rijiya da gona. Aibinsu shi ne ƙarancin zurfi, gama sau da yawa layi biyu a ke ta juyawa. Tsohon littafi yana da ma'ana ba shi da kari, sababbin waƙoƙi suna da kari ma'anarsu ba yawa. Mawaƙin da zai gama biyun nan shi yaran ke jira.

Wajen labari kuwa malaman Lahadi sun fi littattafansu gwaninta. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ko na Dauda da Goliyat, in ya faɗa hannun tsohuwa mai baki, sai ta sa maimaici, ta sāke murya, ta jefa 'yar waƙa a tsakiya yara su amsa, kamar dai yadda a ke tatsuniya da dare. Dabarar tana da kyau, sai dai a lura da abu guda. Bahaushe ya raba tatsuniya da labari, har mai tatsuniya yakan rufe da amsa cewa ƙarya ya shara. Malamin da ya ari dabarun Gizo ba tare da ya nuna wa yara bambancin nan ba, ranar da suka girma suka bar Gizo za su iya barin Yusufu tare da shi.

Saura matasa, nan ne kuwa abin ya fi ban tsoro ga mai ƙaunar harshe. Yawancin yaran ekklisiyoyin nan ba Hausa ce harshen uwarsu ba. Birom ne, da Angas, da Bajju, da Tangale, da Bacama, waɗanda Hausa ta haɗa su, har makarantar Gindiri da S.U.M. ta buɗe cikin 1934 da Hausa ta fara koyarwa. Sai 'ya'yan Maguzawa da na Wusasa ne suka sha ta a nono. Da aka kafa F.C.S. cikin 1957 domin ɗaliban makarantun gaba da firamare, Turanci ya zama harshen taronta, tun da shi ne harshen aji. A manyan garuruwa yanzu ekklisiyoyi da yawa suna sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, matasa kuwa ta Turanci su ke cikawa. Yaro ya yi ƙuruciyarsa da Hausa, da ya kai shekara goma sha uku ya fara tambayoyi masu nauyi a kan aure da mutuwa da zama da maƙwabcinsa Musulmi, sai ya tarar amsoshin da Turanci aka rubuta su. Daga nan ya ɗauka Hausa harshen yara ne da tsofaffi.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. In ekklisiya na son maganarta ta zauna a zukatan 'ya'yanta, lalle ta nemi masu kunnen waƙa su duba waƙoƙinta, ta kuma sa a rubuta wa matasa littattafai da Hausa tun daga tushe, ba fassara ba. Mu kuma masu nazari, wajibi ne mu je mu tattara waƙoƙin matan nan da littattafan darussan Lahadi na dā tun gara ba ta cinye su ba, gama su ma Hausa ce, kuma ba wanda zai adana mana su in mun ƙyale.