Kocin da Ya Durƙusa da Kocin da Ya Zauna

Ran 1 ga Satumba 2023, wani tsohon sojan kundumbala na Amurka mai suna Joseph Kennedy ya halarci wasansa na farko tun bayan komawa bakin aikinsa na mataimakin koci a makarantar sakandaren Bremerton, jihar Washinton. Da aka tashi wasa sai ya taka zuwa tsakiyar fili, ya durƙusa, ya yi addu'a. Wannan durƙuson ne ya sa aka dakatar da shi a 2015, shi ne kuma ya kai magana har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba shi gaskiya a watan Yuni 2022, alƙalai 6 suka goya masa baya, 3 suka ƙi. Shekara takwas ana kai ruwa rana. Bai cika mako guda da wannan wasan ba ya ajiye aikin, ya nufi Fulorida inda ya riga ya tare, yana mai cewa akwai ɗan'uwa marar lafiya da ke bukatarsa. Wasa ɗaya tak aka yi da shi.

Kennedy ya sha faɗin cewa wani fim ne ya zaburar da shi, Facing the Giants, wanda wata majami'ar Baptis a jihar Jojiya ta fitar a 2006. Kimanin dalar Amurka 100,000 aka kashe masa, ya kawo sama da miliyan 10. Labarin wani koci ne na ƙwallon Amurkawa, wadda ake rungumar ƙwallo a gudu da hular kwano a ka. Ƙungiyarsa sai shan kashi take, motarsa ta zama akwala, matarsa ba ta samu haihuwa ba. Ya koma ga Allah. Kafin fim ya ƙare ya ɗauki kofin jiha, an ba shi sabuwar mota, matarsa ta samu ciki.

Wannan shi ne salon da ke tashe yanzu idan ana maganar bangaskiya da koyar da wasa: a yi addu'a a bainar jama'a, a jure ɗan lokaci, sai kofi ya biyo baya a matsayin shaida. Yana da tsohuwar saiwa, domin ƙungiyar Fellowship of Christian Athletes tana aiki a makarantun Amurka tun 1954, kuma a Legas majami'ar Mountain of Fire ta kafa ƙungiyar MFM da ta zo ta biyu a gasar Najeriya a 2017. Wayar hannu ta ƙara masa fiffike. A ganin mai wannan rubutu, salon nan ba zai yi wa malamin makaranta Kirista da ke riƙe da ƴan ƙwallo a Gidan Sori ko Gazawa ko Agye, a jihar Maraɗi ta Nijar, rana ba, kuma yankin yana da nasa abin koyin da ya fi shi nauyi.

A fara da filin kansa. A kolejin karkara irin na sashen Gidan Rumji, fili fegi ne na rairayi, raga kuwa itace biyu ne da igiya a sama. Koci shi ne mushe mai koyar da motsa jiki, ko mai lissafi da ya taɓa buga tamaula a Maraɗi, sau da yawa ɗan kwantiragi wanda kuɗinsa na wata kan yi nawa. Ana buɗe makaranta a Oktoba, yara rabinsu na bakin girbi da roron wake. Daga Maris zafi ya haura digiri 40, ba mai iya gudu sai da la'asar sakaliya. Yuni jarabawar birbe, daga nan damina ta faɗi, kowa ya ɗauki hauya. Lokacin wasa na gaske bai wuce Nuwamba zuwa Fabrairu ba, cikin hunturu da hazo, kuma daidai lokacin ne manyan samari ke tafiya cin rani, hankalin gari kuma ya koma ga kokowa da takobin ƙasa. Wanda ya san cewa Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin a Tawa a 1975 ya san inda zuciyar mutanen jihar take.

Ƙwallo ɗaya ce, an yi mata faci har an gaji. Yaro ya leƙo ta ƙofar aji ya ce, "Mushe, yau akwai balo?" Amsar ta dogara ne da ko mai faci ya gama. Mai tsaron gidan da aka sha wahalar koya wa faɗuwa a rairayi ba tare da ya karya hannu ba, wata safiya sai a ji ya bi mota zuwa Kano ko Agadas. Uba ya zo ya tuna wa mushe cewa karatu ya turo ɗansa. Tun daga 2019 kuma akwai ƴaƴan ƴan gudun hijira da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, waɗanda aka tsugunar a wurare irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Duk wanda ya ce wa koci a irin wannan wuri kofi ne ladan bangaskiya, ya shirya masa baƙin ciki ne kawai.

Sai maganar durƙuso a tsakiyar fili. Ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar. Malami Kirista a ƙauye yakan tarar ƴan wasansa goma sha ɗaya duk Musulmi ne, kuma shi ke zaɓen wanda zai shiga da wanda zai zauna a gefe, shi ke ba da maki a aji. Alƙalan da suka ƙi goyon bayan Kennedy a nan suka tsaya: yaron da ke son a sa shi a wasa zai bi koci ya durƙusa ko da ransa ba ya so. Hujjar tana da ƙarfi, kuma iyaye Kiristocin Maraɗi sun fi kowa saninta, domin ƴaƴansu ne galibi ke tsaye su kaɗai a gefe idan aka ɗaga hannu ana Fatiha. Wanda ya ɗanɗani wannan bai kamata ya ɗanɗana wa ɗan wani ba ranar da usur ya shigo hannunsa.

Akwai kuma tarihin da ba a manta ba. A Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin kayan ado na FIMA ta shafi wuraren Kiristoci a Maraɗi. A Janairu 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, ko da yake maƙwabta Musulmi sun ɓoye Kiristoci a gidajensu. A Yuni 2019 an cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi bayan kama wani malami. A garin da zaman lafiya ya dogara ga ladabin maƙwabci, mai da filin yara dandalin nuna addini wasa ne da wuta. Balle ma Linjilar Matiyu, sura ta 6, ta riga ta yi gargaɗi game da addu'ar da ake yi don mutane su gani.

Abin koyin yana kusa, cikin sashen Gidan Rumji ɗin kansa. Mishan ta SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibirin Gobir kafin shekarun 1920 su ƙare, daga baya aka yi makarantar Tsibiri, asibitin Galmi a 1950, cibiyar kula da kutare a Danja, da makarantar Baibul a Agye. Ana iya sukar mishan ɗin a kan abubuwa da yawa, Kiristocin ƙasar da kansu sun soke ta a kan jan ƙafa wajen ilimi mai zurfi. Amma ba wanda zai ce ba a zauna ba. Kusan shekara ɗari ke nan, ba a ga taron tuba irin na fim ba, kuma har gobe ana wanke gyambon wanda bai taɓa shiga majami'a ba.

Misalin da ya fi dacewa da koci shi ne na Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya da ya zo Maraɗi ƙarƙashin SIM a 1981. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, rana da iska da awaki suna gamawa da su. A 1983, ya tsaya rage iskar taya don ratsa rairayi, sai ya lura cewa ɗan tsiron da ke gefen hanya toho ne daga kututturen tsohuwar bishiya mai saiwa da rai. Daga nan aka samu abin da manoma ke kira sassabin zamani: a bar tohon, a rage rassa, a kare shi. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, manoma suka karɓa. Da abinci ya ƙare, mafi yawansu suka sare itatuwan. Nan ne wurin da fim zai rasa yadda zai yi da labari. Mutumin ya ci gaba da aiki da ƴan kaɗan ɗin da suka rage, bai bar Nijar ba sai a 1999. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kai, shi kuma ya samu lambar Right Livelihood a 2018. Bai ɓoye cewa addu'a ce ta riƙe shi ba, amma ba a taɓa gindaya wa manomi sharaɗin durƙuso kafin a nuna masa yadda ake sassabe ba.

A harkar ƙwallon makaranta ma akwai irinsa. Fada Denis Slattery, ɗan Ailan, ya kafa kwalejin St. Finbarr's a Legas a 1956, ya mai da ita gidan ƙwallo da horo mai tsanani. Daga can Stephen Keshi ya fito, wanda ya ɗauki kofin Afirka yana ɗan wasa a 1994, ya sake ɗauka yana koci a 2013. Fada Slattery ya rasu a 2003, bai ga na biyun ba.

To, a ina bangaskiyar koci za ta bayyana idan ba a tsakiyar fili ba? Wurare ne da ba su da daɗin ɗauka a hoto. Na farko shekaru. A karkara yara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba sai daga baya a kotu, don haka rage shekara uku abu ne mai sauƙi, kuma kowa na yi. Sai sojan haya, wato ɗan acaba ko ɗan tireda mai ƙafa da ake sa wa rigar makaranta ranar wasa. Sai asiri, abin da ake binnewa a gindin raga da daddare. Kocin da ya ƙi waɗannan ukun zai sha kashi a hannun wanda bai ƙi ba, yara su yi fushi, ƴan gari su ce mushe bai iya ba. Kuma zai sake shan kashin baɗi.

Ba kullum ake cin riba da maguɗin ba. A Agusta 2016, gab da wasan neman shiga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17, gwajin ƙashi na asibiti ya kayar da ƴan wasan Najeriya 26, alhali ita ke riƙe da kofin duniya. Ta ci Nijar 1 da 0 a Abuja, Nijar ta rama 3 da 1 a Yamai ta wuce. Tafiyar ta kai ƙungiyar Nijar, Mena ƙanana, har gasar duniya a Indiya a 2017, inda suka doke Koriya ta Arewa suka tsallake zagayen farko. Sai dai a gasar kolejojin ƙauye babu na'urar gwaji, lamirin koci ne kaɗai.

Sauran wuraren ƙanana ne. Ya sassauta atisaye cikin azumi ba tare da an roƙe shi ba. Ya tsayar da wasa idan aka kira magariba. Ya je gaisuwar rasuwa gidan ɗan bayansa, ya zauna a tabarma. Ya hana yaron da ya fi kowa ƙafa shiga fili har sai makinsa ya gyaru, ko da wasan ƙarshe ne.

Wasu masu bi za su ce wannan ɓoye fitila ce, tsoro ne aka yi wa ado. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, don ƴan tsiraru kan saba da yin shiru har inda ya kamata su yi magana. Amma a ƙauye ba a ɓoye addini. Kowa ya san mushe ba ya zuwa masallacin Juma'a, kowa ya ga ya hau babur ranar Lahadi. In yaro ko ubansa ya tambaye shi me ya sa ya ƙi sojan haya, ya faɗi dalilinsa ba kwana-kwana. In zai yi addu'a kafin wasa, ya yi abinsa, su ma su yi tasu. Abin da ba shi da hurumi a kai shi ne amfani da usur da jerin sunaye wajen jan ƴaƴan mutane.

Majami'un Maraɗi da Tsibiri da Agye da ke son shiga harkar wasanni, gara su rage kashe kuɗi a taron rana ɗaya mai lasifika da riguna masu rubutu. Filin wasa na Maraɗi ya karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Fabrairu 2019, amma yaron Gidan Sori ba zai taka shi ba sai wani ya fara koya masa tsayar da ƙwallo a rairayi. Abin da wannan malamin ke bukata ƙwallaye ne biyu ko uku a shekara, da famfo, da kuɗin motar kai yara wasa Gidan Rumji, da wani babba da zai lallashe shi ranar da ya zauna rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa birni. Karatun kolej shekara huɗu ne, daga aji na farko zuwa birbe, kuma mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema gare shi, a kuma taimake shi a kai, shi ne ya raka aji ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa.