Jinjina ga Maƙeran Gwangwani

Ranar kasuwar Dambatta ko ta Bichi, ka leƙa rumfar masu gwangwani. Da almakashi da garwashi da ɗan guntun dalma suke mayar da gwangwanin madara da aka yar ya zama mazurari ko fitilar aci-balbal. Yaran ƙauye kuwa, bayan kaka, da karan dawa da langa-langa suke haɗa motoci har da sitiyari. Ni dai ina ganin injiniyoyi ne, takardar shaida kawai suka rasa.

Hannun da ya iya like fitila har kananzir bai yi yoyo ba, ya iya ƙera ɗan jirgin ruwa mai tafiya da tururi. Ana nannaɗe siririn bututun tagulla, a cika shi da ruwa, a fitar da bakunansa biyu ta bayan jirgin cikin ruwa, sannan a kunna kyandir a ƙarƙashin naɗin. Ruwan na tafasa sai tururi ya tunkuɗa shi waje. Tururin na hucewa sai bututun ya zuƙo wani ruwan. Haka jirgin zai yi ta sulalawa har kyandir ya ƙare. Wani Bafaranshe, Thomas Piot, ya yi rajistar irin wannan fasaha tun 1891, kuma kududdufin damina ma ya isa a gwada ta.

Allah ya yi wa hannuwanku albarka, maƙera. Malaman Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa, don Allah ku gayyato su aji, ɗalibai su ga kimiyyar zafi tana aiki a gabansu.