Shin Ilmin Manɗiƙi Ya Mutu Ne a Cikin Sharhi?

A littafinsa na 1964 kan tarihin manɗiƙin Larabawa, Nicholas Rescher ya yi aikin a-zo-a-gani wajen tattaro sunayen malamai da littattafansu. Amma hukuncin da ya yanke, cewa bayan ƙarni na 13 ilmin ya daskare, sai sharhi bisa sharhi, yana da rauni. Ya auna littattafan da siffarsu, bai auna abin da ke cikinsu ba.

Jigon manɗiƙi shi ne lazimci, watau yadda sakamako ke bin muƙaddima tilas. Dubi wannan: Audu tsaran Bala ne, Bala tsaran Garba ne, ashe Audu tsaran Garba ne. Hujjar ta tsayu, amma ba ta shiga sigogin ƙiyasin Aristo kai tsaye. A 2010 Khaled El-Rouayheb ya nuna cewa a cikin sharhohin nan ne aka yi ta kai-komo kan wannan matsala, har zuwa kan Gelenbevi, malamin daular Usmaniyya da ya rasu a 1791.

Wannan ya shafe mu, domin Sullam na Ahalari da ake karantawa a zaurukanmu daga wannan zamani ya fito. Kafin ɗalibi ya ce ilmin ya mutu, ya fara karanta sharhin tukuna.