Yatsu sun ƙware, saura kunne

Duk majami'ar da ka shiga yau tsakanin Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, da wuya ka rasa saurayi zaune gaban kibod, ko Yamaha ko Casio. Yawancinsu ba wanda ya koya musu. A waya suka gani, suka bi makaɗan majami'un baƙaƙen fatar Amurka a YouTube har yatsu suka saba. Shi ya sa yanzu za a ɗauko tsohuwar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, sai ka ji an lulluɓe ta da salon jaz. Wasu dattawa na ƙorafi. Ni ban ga laifin jaz ba, kuma yaran sun iya. Abin da ke damuna daban ne: mai kibod ya daina jin kowa sai kansa.

Na'urar ce ta sangarta shi. A cikinta akwai ganga, akwai jita, akwai ƙaho, da maɓalli guda za ka tashe su. Akwai kuma maɓallin sauya murya. Mai ba da waƙa ta ɗauko sama, maimakon ya bi ta da yatsunsa sai ya latsa, ya ci gaba da kaɗa abin da hannunsa ya haddace. Mai biki ma ya gane lissafin: gara ya biya mutum ɗaya da janareta da lasifika biyu da ya ciyar da makaɗa bakwai.

A ranar da zumuntar mata ke da waƙa ake ganin ɓarnar sosai. Uwa ta rungume tulu tana buga bakinsa da soso, sautin na fitowa daga ƙasa kamar bugun zuciya, masu kacau-kacau na biye. Kiɗansu yana numfashi. In amshi ya yi daɗi sukan ja shi, in rawa ta kama sukan ƙara wuta, ba mai ce wa wata komai. Sai ɗan kibod ya kunna gangar na'ura, wadda ba ta san jira ba, ya ƙure ƙara. Nan take matan su koma bin inji, tulun kuwa sai dai ka ga hannu na motsi.

Wanda ya yi haka bai fahimci jaz ɗin da yake kwaikwayo ba. Dubi Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa a Cape Town a 1934. Shi ma a majami'a ya buɗe ido da piyano, kakarsa ce mai kaɗawa. Ya yi fice da sunan Dollar Brand, gwanin jaz Duke Ellington ya ji shi a Zurich a 1963 ya buɗe masa ƙofa, ya musulunta a 1968. Ya zauna a New York, ya ga manyan gwanaye, amma kiɗan da ya ɗaukaka shi, Mannenberg na 1974, da kayan gida ya gina shi: waƙoƙin sujada da kiɗan unguwannin baƙaƙe. Saurari yadda yake yi a ciki. Salo ɗaya yake ta maimaitawa, ya bar wa abokin kiɗansa Basil Coetzee fili ya busa son ransa. Shugaban makaɗa ne, amma ba shi ya fi kowa ƙara ba.

Mu ma a jihar Kaduna mun taɓa ganin irin wannan. A 1977 Bala Miller ya tara samari a Kaduna ya horar da su, suka zama Great Music Pyrameeds of Africa, masu ƙaho da jita da ganga, suna waƙa da Hausa. Aikin da ya yi ke nan wanda yau ba mai son yi, don tara mutane a yi ta gwaji yana cin lokaci da kuɗi.

Kayan aikin kuwa suna nan a ƙofar gida. A je bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko bikin Tuk Ham a Kwoi, a tsaya kusa da masu busa ƙaho, a ji yadda wannan ke sa nasa sauti a gurbin da wancan ya bari. Randy Weston, gwanin piyano daga Brooklyn, sai da ya tsallako teku zuwa Legas a 1961 don neman irin wannan. Ɗanmu na Kafanchan kuɗin acaɓa ya ishe shi.

Shawarata ga shugabannin mawaƙa ƙarama ce. In mata sun tashi da tulu, a kashe gangar na'ura, a rage ƙarar kibod, a bar yaron ya nemo inda zai shiga da kunnensa. Makonnin farko zai sha kunya, wataƙila ma ya yi fushi ya koma wata majami'ar.