John McCormack: Barin Opera Cin Amana Ne?

Masu sharhin waƙa a Turai sun daɗe suna zargin John McCormack, mawaƙin ƙasar Ayalan, da sayar da baiwarsa. Sun ce Allah ya ba shi muryar opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa tun daga farko har ƙarshe, amma ya bar dandalin ya koma waƙoƙin soyayya da kewar gida don ya cika zauruka ya tara kuɗi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai a ganina ba a yi masa adalci ba.

An haife shi a Athlone a 1884. Ya ci gasar Feis Ceoil a Dublin a 1903, ya tafi Milan ya koyi sarrafa murya a hannun Vincenzo Sabatini, a 1907 kuma ya hau dandalin Covent Garden na Landan yana ɗan shekara 23. Mai shakkar ƙwarewarsa ya nemi faifan "Il mio tesoro" na Mozart da ya naɗa a 1916. Akwai wani dogon jan murya a ciki da mawaƙa da yawa ke tsinkewa su shaƙi iska. Shi ya kai shi ƙarshe da numfashi ɗaya, ba haki, ba rawar murya.

To me ya kore shi? Opera na buƙatar jiki ya yi magana kamar yadda baki ke yi, shi kuwa a dandali sandararre ne, kuma bai ɓoye hakan ba. Bayan wasannin Monte Carlo na 1923 bai sake komawa ba. Mutumin da ya gane iyakarsa ya kama abin da ya fi iyawa bai ci amanar kowa ba.

Abin da ya fi iyawa shi ne furuci. Mu ma'aikatan rediyo mun san wahalar isar da kalma ga wanda ba ya ganin bakinka. McCormack ya naɗi yawancin faifansa na farko kafin makirfo ya shigo a 1925, amma har yau kowace gaɓa tana fita tsaf. Shi ya sa 'yan Ayalan da hijira ta kai New York da Boston suka ji kamar gida ke kiransu.

Laifinsa na gaskiya shi ne rashin tsantseni wajen zaɓe. Ya ba wasu waƙoƙi marasa nauyi muryar da ba su cancanta ba. Amma a tarukansa yakan fara da Handel da Mozart da Schubert kafin ya zo kan waƙoƙin gida, ta haka leburan da bai taɓa shiga gidan opera ba ya ji Mozart. Ya rasu a 1945. Gidajen opera sun yi rashin mawaƙi ɗaya, talakawa kuwa sun samu malami.